Daga Clovis zuwa Louis na 11: Tambayoyi da Amsoshi kan Gidajen Sarautar Farankawa da Faransa

Wanda ya fara karanta tarihin Turai yakan sarƙe a wuri ɗaya. Ga Louis birjik, ga Charles, ga Philippe, kowa da lambarsa, kuma ba a gane inda wani gida ya ƙare wani ya kama. Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar tarihi suka fi maimaitawa. An bar yawancin sunaye yadda Faransawa ke rubuta su, domin mai neman ƙari ya same su ba tare da wahala ba.

Su wane ne Farankawa? Su ne Faransawan yau?

Farankawa ƙabilu ne masu harshe irin na Jamusawa, waɗanda ke zaune a bakin kogin Rhine, wajen da a yau ya zama Holan da Beljiyam da yammacin Jamus. Da Daular Rum ta yamma ta sukurkuce a ƙarni na 5, sai suka gangaro cikin lardin Gaul suka kafa mulki a kan mutanen da suka tarar, masu magana da Latin ɗin kasuwa. Farankawa ba su kai 'yan ƙasa yawa ba. Sun ba ƙasar sunansu, amma harshen talakawa ya haɗiye nasu, daga shi Faransanci ya fito. Saboda haka Faransawa da Jamusawa da mutanen Holan da Beljiyam duk suna da rabo a wannan tarihi.

Gidajen sarauta nawa ne aka yi?

Uku ne manya. Na farko gidan Merovee, wanda ya yi mulki daga ƙarni na 5 zuwa 751, kuma Clovis ne fitaccensu. Na biyu gidan Sharlaman, daga 751 zuwa 987 a ɓangaren da ya zama Faransa. Na uku gidan Capet, wanda ya hau a 987. Valois da ya karɓa a 1328 da Bourbon da ya karɓa a 1589 ba sababbin gidaje ba ne, rassan gidan Capet ne, kakansu ɗaya.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, gidaje biyu na farko sun ɗauki ƙasa kamar gonar gado, in uba ya mutu a raba wa 'ya'ya maza. Na uku ya daina wannan. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa suna komawa ga wannan bambanci.

Me ya sa ake fara lissafin sarakuna da Clovis?

Domin shi ya tattara Farankawa a hannu ɗaya. Ya gaji ubansa Childeric a garin Tournai wajen 481 yana ɗan saurayi. A 486 ya ci Syagrius, ragowar ikon Rumawa, a Soissons. A 507 ya karya sarkin Bisigotawa Alaric na 2 a Vouillé, ya kore su daga mafi yawan kudu. Sauran sarakunan Farankawa, waɗanda danginsa ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da makirci da gatari. Ya zauna a Paris, a nan ya mutu a 511.

Abu na biyu shi ne addini. Matarsa Clotilde Kirista ce, kuma a wajen shekara ta 500 Bishop Remi ya yi masa baftisma a Reims. Sauran manyan sarakunan ƙabilun Jamusawa a lokacin suna bin koyarwar Arius, wadda cocin Roma ke ɗauka bidi'a ce. Clovis ya shiga irin Kiristancin da talakawan Gaul da limamansu ke bi, nan take ya samu masu ilimi da masu rubutu a bayansa. Dangantakar fadar Farankawa da coci daga nan ta samo asali, kuma za ta sake tasowa a amsar da ke maganar Pepin.

Me ya ci gidan Merovee?

Rabon gado da yaƙin 'yan uwa. Clovis na mutuwa aka yanka ƙasar kashi huɗu, kowane ɗa da birninsa, kowa na jiran ɗan uwansa ya yi sake. Gregoire, bishop na Tours, wanda ya rubuta tarihinsu a ƙarni na 6, ya kawo wani labari mai sosa rai. Da ɗaya daga cikin 'ya'yan, Clodomir, ya mutu a yaƙi, sai 'yan uwansa biyu suka kama 'ya'yansa ƙanana, suka aika wa kakar yaran, wato Clotilde, da almakashi da takobi, suka ce ta zaɓa. A gidan nan dogon gashi shi ne alamar jinin sarauta, wanda aka aske ya fita daga masu neman gado. Cikin ɗimuwa tsohuwar ta ce gara ta gan su a mace da ta gan su a aske. Aka kashe biyu, na ukun aka gudu da shi, ya girma ya zama mai ibada.

Bayan wannan sai gabar sarauniya Brunehaut da Fredegonde, wadda ta ɗauki shekaru kusan arba'in tana cin rayuka. A 613 ɗan Fredegonde, Clotaire na 2, ya kama Brunehaut tana tsohuwa tukuf, ya sa aka ɗaure ta a jikin doki aka ja ta har ta mutu. Dagobert, wanda ya rasu a 639, shi ne na ƙarshe da ya riƙe mulki da hannunsa. Waɗanda suka biyo baya yawancinsu yara ne aka naɗa, suka mutu da ƙuruciya. Littattafai kan kira su ragwayen sarakuna, amma ya kamata a lura cewa marubutan gidan da ya ƙwace musu sarauta ne suka fi yayata wannan suna.

Yaya aka yi bafade ya zama sarki?

A fadar Farankawa akwai wani muƙami na mai kula da gidan sarki da dukiyarsa da dakarunsa, mu kira shi wazirin fada. Tunda sarakuna yara ne, iko ya taru a hannunsa, sannan wani iyali ya mai da muƙamin na gado. Pepin na Herstal ya ci abokan hamayyarsa a Tertry a 687. Ɗansa Charles Martel ya yi mulki har 741, shekarunsa huɗu na ƙarshe ma bai damu da naɗa sarki ko na jeka-na-yi-ka ba.

Ɗan Martel, Pepin Gajere, shi ya ƙarasa aikin. Ya aika wa Fafaroma Zacharie tambaya: shin daidai ne a kira mutum sarki alhali ba shi da iko? Amsa ta dawo cewa ya fi kyau mai iko shi a kira sarki. A 751 aka aske Childeric na 3 aka tura shi gidan masu ibada. Tunda Pepin ba shi da jinin sarauta, sai aka nemo abin da zai maye gurbinsa, aka shafa masa tsarkakakken mai irin yadda aka yi wa sarakunan Bani Isra'ila. A 754 Fafaroma Etienne na 2 ya tsallako duwatsun Alps da kansa ya sake shafa masa a Saint-Denis. Ba kyauta ba ne. Pepin ya shiga Italiya ya yaƙi Lombardawa, ya miƙa wa Fafaroma garuruwan da suka zama tushen ƙasarsa.

Gaskiya ne Charles Martel ne ya hana Musulunci mamaye Turai a 732?

An yi yaƙin, kuma Musulmi sun sha kashi. Gwamnan Andalus Abdurrahman al-Gafiƙi ya tsallako da runduna, suka haɗu da Martel tsakanin Tours da Poitiers, aka kashe shi, rundunarsa ta janye da dare. Marubutan Larabci na baya suna kiran wurin Balaɗush Shuhada.

Amma cewa wannan yini ɗaya ne ya juya tarihin duniya, ƙari ne da marubutan Turai na ƙarnin baya-bayan nan suka yi. Shekara goma sha ɗaya kafin nan, a 721, Eudes mai mulkin Aquitaine ya riga ya karya wata rundunar Andalus a Toulouse. Bayan 732 kuma Musulmi sun ci gaba da riƙe Narbonne har 759. Abin da ya fi tsayar da su rigingimun cikin gida ne: boren Berber a 740, sannan faɗuwar Umayyawa a 750. Wanda ya fi cin ribar yaƙin shi ne Martel kansa, domin ya ba shi ƙofar shiga kudu, inda ya ƙone garuruwan Kiristoci irin su Nîmes da Béziers da ba sa yi masa biyayya.

Sharlaman Bafaranshe ne ko Bajamushe? Me ya sa ake girmama shi haka?

Ba ko ɗaya, Bafaranke ne, ƙasashen biyu ba su wanzu ba tukuna. Harshensa na gida na dangin Jamusanci ne, kuma Aachen, inda ya fi zama aka kuma binne shi, yau a Jamus take. Faransawa na rubuta sunansa Charlemagne. Ya gaji ubansa Pepin Gajere a 768 tare da ƙanensa Carloman, rabon da aka saba. Da Carloman ya mutu a 771 sai duka ta dawo hannunsa. Ya ci Lombardawa a 774, ya haɗe Bavaria, ya wargaza Avar, kuma ranar 25 ga Disamba 800 Fafaroma Leon na 3 ya ɗora masa kambin sarkin daula a Roma.

Abin da ya sa na fi ganin girmansa ba yaƙi ba ne, aikin ilimi ne da tsari. Ya tara malamai daga ko'ina, irin su Alcuin daga York ta Ingila, ya umarci coci-coci su buɗe makarantu. A zamaninsa aka daidaita wani salon rubutu mai tsabta wanda shi ne kakan ƙananan haruffan bokon da muke amfani da su, kuma da yawa daga littattafan Latin na dauri ta hannun magwafinsa suka tsira. Yakan tura manzanni bibbiyu, malamin coci da basarake, su zaga larduna su ji ƙarar talakawa. Tsarin kuɗinsa na fam ɗaya sule ashirin, sule ɗaya kwabo goma sha biyu, Birtaniya ba ta bar shi ba sai 1971. Shi kansa ya so ya iya rubutu. Einhard, wanda ya zauna a fadarsa, ya ce yakan ajiye alluna ƙarƙashin matashinsa yana gwadawa in barci ya ƙi, sai dai ya fara a makare, hannun bai saba ba.

Wannan duka ba ya wanke abin da ya yi wa Saksonawa. Ya yi fiye da shekara talatin yana yaƙarsu, ya kafa dokar kisa a kan wanda ya ƙi baftisma, kuma littafin tarihin fadarsa ya ce a Verden a 782 an sare kan mutum 4,500. Alcuin kansa ya rubuta yana cewa ba a cusa wa mutum imani da ƙarfi.

Da gaske ne Haruna Rashid ya aika masa da giwa?

Da gaske ne. Sharlaman ya tura jakadu Bagadaza a 797. Biyu sun mutu a hanya, na ukun, wani Bayahude mai suna Ishaƙu, ya dawo da giwa da ake kira Abul Abbas. Suka sauka a gaɓar Italiya a 801, suka jira sanyi ya wuce kafin su hau duwatsu, suka isa Aachen a Yulin 802. Giwar ta rayu har 810. A 807 kuma wasu jakadu suka kawo agogon ruwa na tagulla, wanda ke sakin ƙwallaye suna faɗawa kan ƙararrawa duk awa.

Labarin daga rubuce-rubucen Farankawa ya zo, marubutan Larabci na lokacin ba su ambace shi ba, abin da ke nuna yadda Bagadaza ta ɗauki fadar Aachen a wancan zamani. Abin da ya haɗa su kuwa shi ne dukansu ba sa ga maciji da Umayyawan Ƙurɗuba, dukansu kuma suna da jiƙaƙƙiya da Rumawan gabas.

In daular ta yi ƙarfi haka, me ya rusa ta?

Abin da ya ci gidan farko shi ya ci na biyu. Sharlaman kansa ya shirya rabo tsakanin 'ya'yansa uku a 806, mutuwar biyu ce kawai ta sa Louis Mai Ibada ya gaji duka a 814. Louis ya yi ƙoƙarin tsare haɗin kan daular, amma da amaryarsa Judith ta haifa masa Charles a 823 ya nemi ya yanka masa kaso, sai manyan 'ya'yan suka yi masa tawaye, har suka tuɓe shi na ɗan lokaci a 833. Yana mutuwa a 840 suka far wa juna. An zubar da jini sosai a Fontenoy a 841. A 842 a Strasbourg 'ya'yansa biyu, Charles da wani mai suna Louis shi ma, suka yi rantsuwar haɗa kai a kan wansu Lothaire, kowa ya rantse da harshen rundunar ɗan uwansa domin su ji da kunnensu, alamar cewa gabas da yamma sun riga sun daina fahimtar juna.

A Verdun a 843 aka raba uku. Charles ya ɗauki yamma, wadda ta zama Faransa. Louis ya ɗauki gabas, wadda ta zama Jamus. Lothaire ya samu wani dogon zirin tsakiya daga Holan har Roma, wanda bai daɗe ba ya farfashe, kuma wani yankinsa, Lorraine, Faransa da Jamus sun yi ta ƙwace shi daga hannun juna har ƙarni na 20. Ana cikin wannan sai mahara Viking suka shigo ta koguna. A 845 sun shiga Paris, sai da aka ba su azurfa fam 7,000 suka tafi. Talaka ya ga sarki ba ya iya kare shi, ya koma ga basaraken da ke da ganuwa kusa da shi.

Yaya Hugues Capet ya samu sarauta?

Ta hanyar zaɓe, bayan iyalinsa sun yi shekara ɗari suna zagaya gadon. Wan kakansa, Eudes, shi ya tsare Paris lokacin da Viking suka yi mata ƙawanya a 885 zuwa 886, aka naɗa shi sarki a 888. Daga nan sarauta ta yi ta kai-kawo tsakanin gidajen biyu. A cikin wannan tsakani ne, a 911, Charles na 3 ya ba shugaban Viking Rollon ƙasar da ta zama Normandi domin ya tare sauran 'yan uwansa.

A 987 Louis na 5 ya faɗo daga doki wajen farauta ya mutu yana ɗan shekara ashirin, ba ɗa. Baffansa Charles na Lorraine yana nan da rai, kuma shi ke da jinin Sharlaman. Amma manyan ƙasa da suka taru a Senlis, bisa jagorancin Adalberon babban bishop na Reims, suka zaɓi Hugues. Ikonsa na gaske bai wuce tsakanin Paris da Orléans ba, wasu hakimansa ma sun fi shi ƙasa da dakaru, kuma wannan rauni na cikin abin da ya sa suka yarda da shi.

To me ya sa gidan da ya fara da rauni ya fi kowa daɗewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Hugues bai cika wata shida a kan gado ba ya sa aka naɗa ɗansa Robert tare da shi, a Disambar 987. Magadansa suka ɗore da haka har kan Philippe na 2, ta yadda in sarki ya mutu masu zaɓe ba su da abin zaɓa, sarki na nan a naɗe. Sarauta ta babban ɗa ce shi kaɗai. Ƙannensa a ba su lardi su ci, amma ba a kiran su sarki, kuma da tafiya ta yi nisa aka sa sharaɗin cewa in reshensu ya ƙare lardin ya koma fada.

Sai kuma abin da ba dabararsu ba ce, nufin Allah ne. Daga 987 har 1316 duk sarkin da ya mutu ya bar ɗa namiji, kuma sun yi tsawon rai a kan gado: Philippe na 1 shekara 48, Louis na 7 shekara 43, Philippe na 2 shi ma 43. Sun yi haƙuri irin wanda ba ya burge masu ba da labari. Louis na 6, daga 1108 zuwa 1137, ya ƙare rayuwarsa yana rusa ganuwoyin ƙananan barade 'yan fashi da ke tare hanyoyi kusa da Paris. Ba wanda ke yi masa kirari kamar Sharlaman, amma abin da ya gina bai rushe da mutuwarsa ba.

An ce sarkin Ingila yana yi wa sarkin Faransa caffa. Yaya haka?

Guillaume mai mulkin Normandi ya ci Ingila a 1066. A Ingila sarki ne mai cin gashin kansa, amma a Normandi hakimin sarkin Faransa ne. Abin ya ƙara ta'azzara da Louis na 7 ya rabu da matarsa Aliénor a 1152 bayan ta haifa masa mata biyu. Ita ce mai gadon Aquitaine, kuma cikin wata biyu ta auri Henri na Anjou, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154. Sai ga hakimi yana riƙe da kusan rabin Faransa.

Philippe na 2, wanda ake wa laƙabi da Auguste, ya warware wannan da shari'a kafin takobi. A 1202 ya kira Sarki John na Ingila gaban kotunsa a matsayin hakimi, John ya ƙi zuwa, aka yanke cewa ya rasa ƙasashensa. A 1204 Normandi ta faɗi. A Bouvines ranar 27 ga Yuli 1214 Philippe ya karya taron dangin da John ya haɗa masa, har da sarkin daular Jamus Otto na 4. A zamaninsa ne aka fara rubuta sarkin Faransa a maimakon sarkin Farankawa, kuma shi ya baza ma'aikata masu albashi a larduna, waɗanda zai iya cirewa in ya ga dama. Amma lardin Guyenne na kudu maso yamma ya saura a hannun Ingila, shi ne wutar da ta sake ruruwa a amsar Yaƙin Shekara Ɗari.

Louis na 9 waliyyi ne ko mahari?

Ya danganta da inda kake tsaye, kuma duka biyun suna da hujja. A gida ya yi suna da adalci. Ya hau a 1226 yana ɗan shekara 12, uwarsa Blanche ta Castille ta yi masa riƙon ƙwarya da hannun ƙarfe. Abokinsa Joinville ya ba da labarin yadda yakan zauna a gindin wata bishiya a Vincennes, duk mai ƙara ya zo ba shamaki. Ya tura masu bincike su gano inda ma'aikatansa suka zalunci mutane a mayar musu da haƙƙinsu. Coci ta sa shi cikin waliyyanta a 1297.

A Masar kuwa shi ne wanda ya zo da rundunar Salibiyya ya kama Dimyaɗ a 1249. Sarkin Masar Salihu Ayyub ya rasu ana tsakiyar yaƙin, matarsa Shajaratud Durr ta ɓoye mutuwar don kada runduna ta watse. A Mansura a Fabrairun 1250 dakarun Mamluk suka rutsa da ƙanensa Robert a cikin lungunan gari suka kashe shi. A Afrilu aka kama Louis kansa yana fama da atini, aka tsare shi a gidan Ibn Luƙman, wanda yau gidan tarihi ne. Sai da ya mayar da Dimyaɗ ya kuma yarda da kuɗin fansa masu ɗimbin yawa aka sake shi. Bai daddara ba, ya sake fita a 1270, ciwo ya kashe shi a bakin Tunis. Yahudawan ƙasarsa ma ba su ji daɗinsa ba: a zamaninsa aka ƙone littattafansu a Paris a 1242.

Me Philippe na 4 ya yi da ake yawan ambatonsa?

Ya nuna cewa sarkin Faransa ya fi ƙarfin kowa a ƙasarsa, ya kuma nuna abin da irin wannan ƙarfi ke yi in yana neman kuɗi. Ya yi rigima da Fafaroma Boniface na 8 kan harajin limamai, har mutanensa suka kama Fafaroman a Anagni a 1303. Daga 1309 Fafaroma ya koma zama a Avignon. A 1306 ya kori Yahudawa ya ƙwace dukiyarsu. Ranar 13 ga Oktoba 1307 ya sa aka kama baraden Templier, wata ƙungiyar mayaƙan Salibiyya masu ibada, a duk faɗin ƙasar, aka gana musu azaba har suka amsa laifuffukan da aka shirya musu, aka ƙone shugabansu Jacques de Molay a 1314. A ganina wannan zalunci ne tsagwaronsa da aka lulluɓe da rigar shari'a.

Me ya sa mace ba ta sarauta a Faransa?

An fi cewa dokar Salique, wato tsohuwar dokar Farankawa, ce ta hana, amma abin ya faru ne kafin a nemo dokar. Louis na 10 ya mutu a 1316 ya bar 'ya mai shekara huɗu, Jeanne, da mata mai ciki. Aka haifi namiji, Jean na 1, ya yi kwana biyar ya koma. Ƙanen sarki, Philippe na 5, ya yi maza aka naɗa shi, sannan ya tara majalisa a 1317 ta ce mace ba ta gadon sarautar Faransa. An kuma yi amfani da zargin zina da aka yi wa uwar yarinyar. Shi ma ya mutu a 1322 ya bar 'ya'ya mata, hukuncin ya hau kansu. Haka ƙanensa Charles na 4 a 1328. Sai daga baya malaman fada suka tono wata aya a tsohuwar dokar zamanin Clovis, wadda asalinta maganar gadon fili take, suka jingina hukuncin a kanta.

Wannan bai hana mata riƙe ƙasa ba. Ban da Blanche da aka ambata a amsar Louis na 9, Anne ta Beaujeu ta riƙe wa ƙanenta mulki daga 1483 zuwa 1491.

Mene ne Yaƙin Shekara Ɗari, kuma ina Jeanne d'Arc ta shigo?

A 1328 manyan ƙasa suka naɗa Philippe na Valois, ɗan baffan sarkin da ya rasu. Edward na 3 na Ingila jikan Philippe na 4 ne ta wajen uwa, ya fi kusa, amma aka ce wadda ba ta gado ba ta gadar wa ɗanta. Ya yi caffa a 1329. Da aka ƙwace masa Guyenne a 1337 sai ya ce sarautar ma tasa ce. Yaƙin ya kai 1453, da hutu a tsakani. Dogon bakan Ingilishi ya ƙarar da baraden Faransa a Crécy a 1346, annoba ta biyo baya a 1348, a Poitiers a 1356 aka kama Sarki Jean na 2. Kuɗin da ake kira faran an fara buga shi ne a 1360, lokacin fansarsa. Charles na 5 ya dawo da mafi yawan abin da aka rasa ta hanyar guje wa babban karo. Sai ɗansa Charles na 6 ya samu taɓin hankali a 1392, 'yan uwansa suka raba ƙasar da yaƙin basasa, Henry na 5 na Ingila ya ci su a Azincourt a 1415, kuma yarjejeniyar Troyes ta 1420 ta cire ɗan sarki daga gado ta ba Ingila.

A nan Jeanne d'Arc, yarinyar ƙauyen Domrémy, ta bayyana, shekarunta wajen 17, tana cewa an umarce ta daga sama. Ta tafi da runduna Orléans, wadda Ingilishi suka yi wa ƙawanya, ranar 8 ga Mayu 1429 suka janye. Ta matsa sai an kai ɗan sarkin da aka cire daga gado, Charles na 7, Reims, aka naɗa shi ranar 17 ga Yuli. Ta gane abin da fadawa suka yi sakaci da shi, cewa a idon talaka wanda aka shafa wa mai a Reims shi ne sarki, ko me aka rubuta a Troyes. Mutanen Bourgogne suka kama ta a 1430 suka sayar wa Ingilishi, aka ƙone ta a Rouen ranar 30 ga Mayu 1431. Sarkin da ta ɗora bai fanshe ta ba, kuma wannan tabo ne a kansa duk da cewa an soke hukuncin a 1456. Shi ne dai ya shirya da Bourgogne a 1435, ya kafa sojan dindindin mai albashi a 1445, igwoginsa suka rufe yaƙin a Castillon a 1453. Calais kaɗai ta rage wa Ingila, har 1558.

Da wa ake rufe wannan zamani?

Yawanci da Louis na 11, daga 1461 zuwa 1483, wanda maƙiyansa suka yi wa laƙabi da gizo-gizo saboda ya fi son saye da ƙulli a kan yaƙi. A 1475 ya biya sarkin Ingila ya koma gida da rundunarsa. Da babban abokin gabarsa Charles na Bourgogne ya mutu a bakin Nancy a 1477, ya haɗe Bourgogne da Picardie, sannan Anjou da Provence suka faɗo masa ta gado.

Akwai sauran jikokinsu a duniya?

Akwai. Reshen Valois ya ƙare a 1589, sarauta ta koma ga Henri na 4 na Bourbon, wanda ya fito daga tsatson Robert na Clermont, ɗan Louis na 9. Da 'yan juyin juya hali suka gurfanar da Louis na 16 kafin su kashe shi a 1793, da sunan Louis Capet suka kira shi, kuma a shekarar ne aka tone kaburburan sarakuna a Saint-Denis aka fasa kwalbar man naɗi a Reims. Sarkin Faransa na ƙarshe, Louis-Philippe, ya sauka a 1848. Amma jikan Louis na 14 ya hau gadon Sifen a 1700, don haka Sarki Felipe na 6 na yanzu jinin Hugues Capet ne ta wajen maza, haka ma gidan da ke sarautar Luxembourg.